Guzurin Mai Zuwa Gana

Tun zamanin kakanninmu fatake suke bin hanyar Gwanja, su kai kaya Salaga su sayo goro. Su kam watanni suke yi a hanya da jakuna. Yau mota takan ɗauki mutum daga Ikko da sassafe ta sauke shi a Akra da dare ko kashegari. Amma abu guda bai sake ba: wanda guzurinsa ya ƙare a ƙasar baƙunci ya shiga uku. Saboda haka, mai karatu, in kana shirin kai iyalinka hutu Gana, bari mu bi hanyar tare muna lissafi.

Tsakanin Ikko da Akra akwai iyaka uku: Seme, inda ake shiga ƙasar Binin, da Hilakonji, inda ake shiga Togo, da Aflawo, ƙofar Gana, wadda take manne da birnin Lome. Bisa ga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza don zaman da bai wuce kwana 90 ba. Amma dole ya riƙe fasfo ko wata ingantacciyar takardar tafiya, da katin allurar shawara. 

Kuɗi iri uku za ka taɓa a hanya. Naira tana tsayawa a Seme. Binin da Togo sefa guda suke kashewa, don haka canji ɗaya ya isa abinci da ruwan sha har Aflawo. Daga nan sai sidi. Kowane canji yana cin wani abu daga kuɗinka, saboda haka kada ka mai da naira sefa, sa'an nan ka sāke mai da sefar sidi. Ka kuma lura da wannan: a 2007 Gana ta sake kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. Wasu dattawa a kasuwa sukan faɗi farashi da tsohon lissafi. In tsohuwa ta ce maka dubu ɗari, mai yiwuwa sidi 10 take nufi. Tambaya tukuna kafin ka miƙa.

Yanzu ga lissafin. Da fari ka ware kuɗin motar komowa gida da na masauki, ka ajiye su dabam, ka ɗauka ba naka ba ne. Abin da ya ragu, cire kashi ɗaya cikin biyar domin rashin lafiya ko lalacewar mota. Sauran ka raba shi bisa ga yawan kwanakin. Misali, in sidi 2,500 ya rage maka na kwana 10, ka ajiye 500, saura 2,000, wato 200 kowace rana. Sa na kowace rana cikin ambulan nasa, ka rubuta ranar a kai. Maigida da uwargida su raba riƙon, kada a tara duka a aljihu ɗaya.

Amma ranaku ba daidai suke ba. Akra tana da rahusa ga wanda ya bi talakawanta. Ƙananan bas da suke kira torotoro suna zuwa ko'ina, kuɗinsu kuwa bai kai na tasi ba ko kusa. A Nima da Sabon Zango za ka ji Hausa kamar kana gida, ka sami koko da ƙosai da safe, da rana shinkafa da wake da suke kira wace, da dare tuwon zafi. A irin wannan rana ambulan yakan yi ragowa.

Wannan ragowa ita za ta ɗauki ranar zuwa Kep Kos da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482. A waɗannan gidaje na bakin teku aka riƙa tsare bayi cikin ɗakuna masu duhu kafin a ƙetare da su Amurka. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, akwai na shiga, baƙo kuma yakan biya fiye da ɗan ƙasa. Duk da haka kada a hana yara wannan rana. Gani ya kori ji.

Ranar Lahadi ma a tuna da ita. A ikilisiyoyi da yawa na Gana ana karɓar baiko fiye da sau ɗaya, wani lokaci a kira mutane bisa ga ranar makon da aka haife su. Ka tanadi ƙananan kuɗi tun ranar Asabar.

Tsaraba kuwa a bar ta sai kwana biyun ƙarshe. Kasuwar Makola a Akra da ta Kejetiya a Kumasi suna da atamfa da saƙin kente masu ɗaukar ido, wanda ya fara da su ba zai kai mako ba. Kowane dare ku zauna da yara ku rubuta abin da aka kashe. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku ba bashi a wuyanku.