Asuba a Gummi

Mun tashi daga Gusau, muka ratsa Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Bayan haka kuma 'yan bindiga suka addabi hanyoyi. Masu bi kaɗan ne a wannan ƙasa, amma ba su yar da juna ba.

A Gummi muka kwana. Da asuba muka bi matan zumunta zuwa gidan wata 'yar'uwa da aka sace mijinta. Aka karanta Zabura 23, aka yi shiru ana bimbini. Sa'an nan aka yi mata addu'a, aka kuma roƙa wa maƙwabta Musulmi masu irin wannan kuka. Ba su tafi ba sai da suka hura mata wuta.

'Yan'uwa, ku tuna da su cikin addu'arku.