Nasiha Ga Matafiyi Mai Neman Madubin Hangen Nesa



Yanzu da damina ta ja baya, sanyi ya fara leƙowa, masu sha'awar yawon buɗe ido kuma suka soma haramar zuwa Yankari ko fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye kan sauko daga ƙasashen Turai su yi zaman hunturu tare da namu na gida, na ga ya kyautu in yi bayani a kan wani abu da mutane kan saya da zumuɗi, su yi aiki da shi sau ɗaya, daga nan su jefa shi ƙasan akwati, watau madubin hangen nesa mai ido biyu. Galibi dalilin jefarwar daga wurin zaɓe yake tasowa, domin mai saye yakan shiga kasuwa da tambaya guda tak a bakinsa, wai wanne ya fi jawo abu kusa, alhali kuwa ita ce mafi ƙarancin fa'ida cikin tambayoyin da ya kamata ya yi.

Kowane madubi yana da lamba biyu a jikinsa, kamar 8x25 ko 10x42. Ta farko tana nuna ninkin kusantowa, ma'ana gwankin da ke tsaye a nisan mita 80, idan ka dube shi da mai lamba 8, sai ka gan shi kamar yana mita 10 daga gare ka. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce a ma'aunin milimita, kuma ita ce ƙofar da haske ke shigowa. Tun kusan shekara dubu da suka shuɗe, babban malamin nan Hasan ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi zamansa a Alƙahira har ya rasu wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir, da hujja da gwaji, cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abin da ake kallo ya shiga ido, saɓanin masu da'awar cewa ido ne ke fitar da haske. Duk wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya fahimci rabin al'amarin madubi, gama ninki komai yawansa ba ya ƙara wa ido haske ko ƙwayar zarra, sai dai ma ya shimfiɗa ɗan wanda ya shigo a kan sura mafi girma, ta dushe.

Sa'an nan ga wata illa wadda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Madubi ba abin kallo kaɗai yake ninkawa ba, har da rawar hannunka. Ɗan karkarwar da ba ka ma san kana yi ba, ta numfashi da bugun zuciya, tana ninkuwa sau goma a cikin mai lamba 10, ta yadda idan ka hau tudu kana haki, ko kana bayan mota a kan hanyar burji ta bakin rafin Gaji a Yankari, za ka ga reshe da tsuntsun da ke kansa suna ta tsalle a idonka, ka kasa tantance launin wuyansa balle siffar bakinsa. Bugu da ƙari, duk lokacin da ninki ya ƙaru, filin da kake gani yakan ƙuntata, har kirinjijiya ta tashi daga ruwa kana lalube da madubi a sararin sama, kafin ka same ta ta ɓace. Saboda haka ni a ra'ayina mai lamba 8 shi ne daidai hannun ɗan Adam, mai 10 sai ga wanda hannunsa ya natsu kuma kallonsa a fili fetal yake, abin da ya haura 12 kuwa sai an ɗora shi a kan matokari mai ƙafa uku. Amma waɗanda ake tallatawa da lambobi irin su 60x60 a kan ɗan madubin da bai cika tafin hannu ba, masu gilashi ja wur, wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma yana ɓata mini rai in ga talaka ya zuba kuɗin guminsa a kai.

Akwai wani ɗan hisabi mai sauƙi da ya kamata kowa ya iya. Raba lamba ta biyu da ta farko, abin da ya fita shi ne faɗin hasken da ke isowa idonka: 8x25 yana ba da milimita 3 da 'yan kai, 10x25 yana ba da 2.5, 8x32 yana ba da 4, 7x50 kuma 7 da 'yan kai. Ƙwayar idon mutum da rana tsaka takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, a cikin duhu ta buɗe har zuwa 7 ga matashi, ga dattijo kuwa ba ta cika wuce 5 ba. Ke nan da hantsi ko da azahar ƙaramin madubi ba ya gaza wa babba da wani abin kirki, domin ido ba ya karɓar rarar hasken da babban ke kawowa. Sai dai namun daji, bisa hikimar Mahaliccinsu, da sanyin safiya da gab da magariba suka fi fitowa, kuma a nan ne ƙaramin ke nuna gazawarsa. Haka nan wanda niyyarsa duban jinjirin wata ce bayan faɗuwar rana, kada ya dogara da mai gilashin milimita 25, ya nemi 7x50 ko 10x50, ya haƙura da nauyinsa, tunda a tsaye wuri ɗaya zai yi aikinsa.

Nauyin nan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga matafiyi. Mai 8x25 yakan yi kimanin giram 300, yana naɗewa ya shiga aljihun riga, mai 8x32 wajen rabin kilo, mai 8x42 kuma kimanin giram 700, wanda a kanti ba ka jin komai, amma bayan tafiyar sa'a uku a rana igiyarsa ta fara cin wuya. Ta fuskar ƙira iri biyu ne: mai kafaɗa, wanda ya samo asali daga dabarar Ignazio Porro, mutumin Italiya, a 1854, da kuma miƙaƙƙe mai kama da gora biyu a jere. Miƙaƙƙen ya fi daɗin ɗauka, amma yin nagarinsa ya fi tsada, saboda haka idan kuɗinka kaɗan ne, sau da yawa mai kafaɗa ya fi ba da gani garau.

Idan ka je saye, gani ya kori ji. Miƙa hannunka da madubin wajen haske, ka dubi ƙananan gilasan da ake kanga wa ido: in ka ga ɗigon haske zagayayye sumul, madalla, in kuwa gefensa a yanke yake kamar mai kusurwa huɗu, gilashin ciki mai araha ne. Sa'an nan ka kalli wayar lantarki ko bakin rufin wani gida mai nisa na tsawon minti guda, idan layin ya rabu biyu, ko ka ji idonka yana ja, to bututun biyu ba su daidaita ba, kuma ciwon kai zai sa maka. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, ya tabbata yana ganin da'irar duka. Ka kuma nemi wanda aka toshe shi daga ruwa, ko da ba ka da niyyar shiga kwalekwale, domin abin da ya hana ruwa shiga shi ke hana ƙurar hunturu, wadda idan ta kwanta a ciki babu mai fitar da ita sai gwani. Ta waje kuwa a hure ta tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, gama shafa ta da bakin riga daidai yake da goga yashi a kan gilashin.

Ina roƙonku da Allah, kada wanda ya kalli rana da shi ko da ƙiftawar ido, domin yana iya makantarwa, a kuma ja kunnen yara a kan haka tun kafin a miƙa musu. Haka nan a halin da ƙasa take ciki, hankali ne mutum ya bar shi cikin jaka a kusa da barikin soja, da filin jirgin sama, da shingen jami'an tsaro.

Wanda ya nemi shawarata a taƙaice, in tafiyarsa ta rana ce kuma kayansa kaɗan, ya sayi 8x25 na kirki. In kuwa yana son kallon asuba da na yamma, kuma zai iya ɗaukar rabin kilo, ya sayi 8x32, shi ne zaɓina. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi gida lafiya.