Yadda Wani Yaro Ya Nemo Wa Kakansa Abin Saurare

A birnin Zariya akwai wani yaro ɗan aji shida, yana zaune gida ɗaya da kakansa, mahaifin babansa, wanda yaran gidan ke kira Baba Tsoho. Tsohon nan mutum ne mai son labarin duniya ƙwarai da gaske. Tun yana ƙarami ya ke jin rediyo, gama Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga London a 1957, na Jamus kuwa a 1963, shi kuma cikinsu ya tashi. Da ya girma ya yi ta sayen jarida, ya tara littattafai har adaka biyu. Amma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai. Ciwon suga ya kama shi, daga baya idonsa ya raunana, har ya zama ba ya iya rabe baƙi da wasali.

Rediyon dai yana nan, amma rediyo yana da wani hali, watau ba ya jiran kowa. In an yi shirin da ka ke so kana masallaci, ko barci ya sace ka, shi ke nan, ya wuce. Yini kuwa yana da tsawo ga wanda ba ya gani. Bayan labarun safe sai tsohon ya zauna a zaure bisa buzu, yana jan carbi, yana sauraren sawun masu wucewa. Abin nan ya dami yaron, ya rasa yadda zai yi.

Ana nan, sai yayarsa da ke karatu a kwaleji ta zo hutu. Da ya gaya mata damuwarsa, sai ta ɗauko tsohuwar wayarta ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, ka riƙa nemo wa Baba Tsoho podkas."

Ya ce, "Yaya, mene ne kuma podkas?"

Ta bayyana masa. Podkas shiri ne na murya kamar na rediyo, sai dai ba a sake shi a iska ya wuce. Ana ajiye shi ne a intanet, kashi kashi, wanda ya ke so ya je ya sauke shi cikin wayarsa, ya ji sa'ad da ya ga dama. Yana iya tsai da shi ya tafi salla, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. In mai magana yana sauri, akwai wurin da a ke taɓawa ya rage. Murya kuma ba ta cin data kamar yadda bidiyo ke ci. Kalmar ba tsohuwa ba ce. Wani ɗan jarida na Ingila, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta ta a 2004, ya haɗa sunan wata 'yar na'urar jin waƙa da a ke kira iPod da kalmar Turanci mai nufin watsa labari.

Yaro ya yi murna, yana tsammani aiki ya ƙare. Ashe ko farawa bai yi ba. Da ya buɗe Spotify ya duba, sai ya ga kamar an kai shi tsakiyar kasuwar Sabon Gari, kowa na kiransa, kowa na cewa nasa ya fi. Shi kuwa ya yi irin ta baƙon kasuwa, ya nufi wanda ya fi ɗaga murya. Na farko da ya sauke, mutum biyu ne suka yi awa guda suna dariya, ba su faɗi kome ba. Na biyu ya yi alkawarin zai tona wani babban asiri, har shirin ya ƙare asirin bai fito ba. Kafin Jumma'a ta kewayo, datar da yayarsa ta sa masa ta ƙare ƙaf.

Mako na biyu ya sayi wata da kuɗin tararsa, ya ce wannan karon abin amfani zai nema. Ya rubuta "maganin ciwon suga". Sai ga wani shiri da Hausa, mai maganar yana da murya mai daɗi, yana rantsuwa yana maimaitawa. Ya ce yana da wani haɗi wanda ke raba mutum da ciwon suga cikin kwana bakwai, muddin ya daina shan ƙwayoyin asibiti. Ya ce likitoci sun sani, ɓoyewa su ke yi. A ƙarshe ya faɗi lambar da za a aika da kuɗi, ya faɗe ta har sau uku.

Zuciyar yaro ta yi ta bugawa don farin ciki. Ya sheƙa zaure da gudu, ya ce, "Baba Tsoho, ka warke! Daga yau ka bar shan ƙwayoyin nan. Zan fasa asusuna in aika."

Tsoho ya ce, "Sannu, aboki. Zauna tukuna, kunna mini in ji da kunnena."

Ya saurara tun daga fari har ƙarshe bai ce uffan ba. Sa'an nan ya ce, "Wane ne wannan mutum?"

Yaro ya duba wayar, ya ce, "Bai faɗi sunansa sosai ba, laƙabi kawai ya sa."

"A ina ya yi karatun magani? Wa ya warkar, wanda za mu iya zuwa mu gani?"

Yaro ya yi shiru.

Tsoho ya ce, "Amma lambar kuɗi bai manta da ita ba ko?" Ya yi 'yar dariya, sa'an nan ya gyara zama. Ya ce, "Sa'ad da mu ke ɗaukar karatu a zaure, an koya mana cewa malaman hadisi, irin su Imamu Buhari, ba su karɓar magana sai mai ita ya faɗi daga wa ya ji ta, shi ma wancan daga wa, har a kai tushe. Wannan shi a ke kira isnadi. Kuma sai sun binciki halin kowane mutum da ke cikin jerin. Mutumin nan naka ba shi da isnadi ko na taku ɗaya."

Daga nan ya ba shi wani labari wanda ya faru kafin yaron ya yi wayo. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas tare da wani matafiyi daga Laberiya. Wata likita, Ameyo Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti don kada ya yaɗa ta cikin gari, ita kuwa ta kamu, ta rasu. A watan Agusta sai wani saƙo ya bazu cikin wayoyi da dare, wai kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, shi ne rigakafi. Mutane suka yi ta tashin 'yan uwansu daga barci. Da yawa suka kwanta asibiti saboda gishirin, waɗansu ma suka rasa rayukansu, alhali cutar ko kusa da garuruwansu ba ta zo ba. Mutum 20 ne Ebola ta kama a Nijeriya duka, 8 suka rasu, kuma a ran 20 ga Oktoba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita.

Tsoho ya ce, "Duk wanda ya tashe ni a daren nan, ƙaunata ya ke yi, kamar yadda ka ke ƙaunata yanzu. Miƙo mini ƙwayoyina da ruwa."

Gaskiyar tsohon ce. Ciwon suga ba a korarsa cikin kwana bakwai. Lallaɓa shi a ke yi da magani da kula da abinci, wanda kuwa ya yar da maganinsa, sukari ya hau cikin jininsa ya ɓata masa ido da ƙoda da ƙafafu. Yaron ya kwana da kunya, har ya yi niyyar mayar wa yayarsa wayarta.

Da safe, bayan an tashi tara, ya je ya gaya wa malamin ajinsu dukan abin da ya faru. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Ka fara da waɗanda in sun yi kuskure akwai inda za a je a kama su, watau gidajen rediyo da jaridu da a ka sani. Ka duba sunan mai shirin kafin ka dubi hoton shirin. Kada kuma ka sauke goma gaba ɗaya. Ɗauki ɗaya, ka ji minti biyar, in ka ƙaru ka ci gaba." Ya rubuta masa waɗansu sunaye a bayan littafinsa. Na Hausa ya rubuta masa Najeriya a Yau da Daga Laraba, waɗanda masu jaridar Aminiya suka ƙirƙiro. Sauran na Turanci ne, ya ce ya rage saurin muryar, ya ji sau biyu, abin da ya gagare shi ya kawo makaranta.

Wanda ya fara kama su shi ne wani shiri na BBC na 2010, mai ba da tarihin duniya ta hanyar abubuwa 100. Mai gabatar da shi, Neil MacGregor, shi ne shugaban babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a lokacin. Kowane kashi kamar rubu'in awa ne, yana ɗaukar abu guda, ko tulu, ko kuɗi, ko ganga, ya faɗi inda a ka samo shi, da wanda ya samo shi, da abin da ya ke nunawa game da mutanen da suka yi shi. Turancin ya yi wa yaron nauyi. Kashi ɗaya ya kan ɗauke shi kwana biyu, yana ji yana tsayawa, yana rubuta kalmomi. Da magariba ta wuce sai ya zauna kusa da buzu, ya kunna kaɗan, ya tsai da shi, ya fassara.

Ran nan suka kai kan wani kai na tagulla daga Ile-Ife, a ƙasar Yarabawa. An tono shi a 1938, sa'ad da a ke haƙa harsashin wani gida, kuma ya yi shekara kamar 600 da ƙerawa. Ana jin siffar wani sarkin Ife ce. Kyansa ya kai inda Turawan farko da suka ga irinsa suka ƙi yarda aikin baƙar fata ne. Wani Bajamushe, Leo Frobenius, da ya ga irin wannan kai a 1910, cewa ya yi mutanen wata ƙasa ce da ta nutse cikin teku suka ƙera shi. Bincike ya nuna ba haka ba ne, maƙeran Ife ne suka zuba abinsu da hannunsu.

Baba Tsoho ya ce, "Ka ji mai isnadi. Ya faɗi shekara, ya faɗi wuri, ya faɗi sunan wanda ya yi kuskure, ko da ya ke Bature ne ɗan uwansa. Kuma har yanzu bai roƙe mu ko sisi ba." Amma da suka kai kan allon tagulla na fadar Benin, wanda sojojin Ingila suka kwashe tare da ɗaruruwan irinsa a 1897, sai tsohon ya ɓata rai. Ya ce shirin ya yi kyau, amma kayan mutane kayan mutane ne. Yaron ya gane ashe ana iya yarda da labarin mutum, a kuma yi jayayya da shi.

Bayan wannan yaron ya fara nemowa da kansa, don shiri mai kyau ya kan ambaci ɗan uwansa. Ya sami CrowdScience, inda masu saurare daga ƙasashe dabam dabam ke aika tambaya a je a nemo amsa wurin masana. Tsoho ya ce ai wannan Amsoshin Takardunku ne ya sa kwat. Ya sami kuma wani na 2019 a kan minti 13 na ƙarshe kafin kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, ran 20 ga Yuli, 1969. A cikinsa ana jin muryoyin mutanen da kansu. Kumbo na gangarowa da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta yi ta ƙarar gargaɗi, aka rasa ko a ci gaba ko a fasa. Wani saurayi mai shekara 26, Steve Bales, yana zaune a ɗakin kula da tafiyar a Amurka, shi ya ce a ci gaba. Sa'ad da suka taɓa ƙasa, man da ya rage musu na sauka bai kai na minti ɗaya ba.

Daren nan ba a yi barci da wuri ba. Tsoho ya ce ya tuna shekarar sarai, ana tsakiyar yaƙin basasa, mutane na gardama a bakin kasuwa, waɗansu na cewa ƙarya ce, har Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa. Ya sa aka maimaita masa wurin ƙarar nan sau uku. Maƙwabta biyu da suka shigo gaisuwa suka zauna, ba su tashi ba sai da aka sauka a wata.

Yaron ya sami wani tsohon littafin rubutu ya mai da shi na lissafin shirye-shirye. A shafin dama yana rubuta waɗanda suka ci, da sunan mai yin kowanne. A shafin hagu yana rubuta waɗanda suka faɗi, na hagun kuwa ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Har yanzu ya kan yi kuskure ya kwaso tarkace, amma ba ya kai minti biyar sai ya ji tsohon ya yi gyaran murya, shi kuwa ya san ma'anarta.

Sai da damina ta wuce, kaka ta yi, sa'an nan suka kai kan abu na 100 a cikin shirin tarihin nan. Yaro ya yi ta zato, ko kambin zinariya ne, ko takobin wani sarki. Ya kunna ya saurara, sai ya fashe da dariya. Ashe fitila ce mai aiki da hasken rana, irin wadda a ke cajin waya da ita, ƙirar ƙasar Sin. Ya ce, "Baba Tsoho, irin tamu ce, ga ta nan rataye a bakin ƙofa!"

Tsoho ya ce a miƙo masa. Ya shafa ta sama da ƙasa, ya juya ta a hannu, sa'an nan ya tura ta ƙarƙashin buzu. Ya ce, "To, rufa mana asiri, aboki, kada su ji muna da ita su zo su haɗa da na Benin."