Ranar da muka je sayen Sharon da kuɗin sallamar Baba

Mu takwas ne a gidanmu: Baba da Umma da mu 'ya'ya shida, ni ne babba. Tun ina firamare duk Sallah sai mun tashi daga Kano mun je Haɗeja gaida kakanni, kuma ban taɓa ganin tafiyar ta zo da sauƙi ba. Da asuba za mu isa tasha, Baba ya yi ta ciniki da 'yan kamasho, a ɗora ƙananan a cinya, a cusa buhun tsaraba ƙarƙashin ƙafafunmu. Kafin mu isa, sabon ɗinkin kowa ya yamutse, Umma kuma ta yi rantsuwar da take yi duk shekara cewa baɗi ba da ita ba.

Da Baba ya cika shekara 35 yana koyarwa ya yi ritaya, aka biya shi kuɗin sallama, sai ya tara mu bayan sallar isha'i ya ce zai cire wani kaso ya sayi mota. Ba sabuwa ba, ta hannu. Kuma ya riga ya san wadda yake so: Sharon.

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Arewa ya san ta. Ainihin sunanta Volkswagen Sharan, mu ne muka mayar da ita Sharon. Ni kuwa a lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina ji da kaina, na ɗauka babu abin da waya ba za ta gaya mini ba. A daren na kwana ina bincike a intanet, da safe na sami Baba da labarin da nake ganin zai kashe maganar. Na ce, "Baba, ai wannan motar an daina ƙera ta. Tun 2022 kamfanin ya rufe babinta. Idan ta lalace ina za mu sami kayan gyara?"

Baba bai ce komai ba na ɗan lokaci. Na ga maganar ta shige shi, domin kuɗin nan ba wanda zai sake samu ba ne. Malamin firamare sau ɗaya ake biyansa sallama. Idan motar ta zame mana kaya, babu albashin da zai cike ramin, ga kuɗin makarantar ƙannena na jira. Daga ƙarshe ya ce mu je mu ji ta bakin Kawu.

Kawu ba ɗan'uwanmu na jini ba ne. Bakanike ne da suka taso unguwa ɗaya da Baba, tun muna yara muke ce masa haka. Muka same shi a gareji rabin jikinsa a ƙarƙashin wata Golf. Da na maimaita masa bincikena sai ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan boko, dubi garejin nan tun daga ƙofa. Nuna mini mota ɗaya da har yau ake ƙera irinta." Na duba. Golf 3 ce, da tsohuwar Peugeot, da Civic da ta girme ni. Babu ko ɗaya.

Ya ce abin da ke kashe mota a ƙasar nan shi ne ta zama ita kaɗai ce irinta a gari. Motar da ta cika tasha kuwa ba ta rasa kaya, domin duk wadda ta yi hatsari ko ta tsufa, sassanta ne ke komawa kasuwa su raya 'yan'uwanta. Ya ce in je Ƙofar Ruwa in tambayi fitila ko lagireto ko shokozobar Sharon, in gani ko zan yi minti goma ban samu ba.

A nan bincikena ya ɗan yi rana, ko da yake ba ta hanyar da na zata ba. Na gaya masa abin da na karanta: an fara ƙera Sharan a 1995 a wata masana'anta da ke Palmela a ƙasar Fotugal, wadda Volkswagen da Ford suka haɗa hannu suka gina. Mota ɗaya ce aka raɗa wa suna uku. Volkswagen na sayar da ita a matsayin Sharan, Ford na kiranta Galaxy, kamfanin SEAT na Sifen kuma ya ce Alhambra. Samfurin farko ya kai har 2010, sannan aka fito da na biyu mai ƙofofin baya da ake ja gefe. Dalilin daina ta kuma ba wani aibi ba ne a jikinta. Turawa ne suka juya wa irin waɗannan motocin iyali baya suka koma sayen jif, ciniki ya ja baya. Kawu ya gyaɗa kai ya ce shi bai san Fotugal ba, amma ya daɗe da sanin cewa sassa da yawa na tsohuwar Galaxy suna zama daidai a Sharon, sai dai wasu Galaxy ɗin injin Ford ke cikinsu, a nan ne ake rabuwa.

Sai ya faɗi abin da ya fi damunsa. Ya ce, "Malam, ba kamfani nake tsoro ba. Wanda ya riƙe ta kafin kai nake tsoro." Ya sa mana sharaɗi: ba za mu ba da ko sisi ba sai yana wurin, kuma da safe za mu je, kafin dillalai su ɗumama injin.

Ta farko da muka gani ta ɗauke mini hankali. Ruwan toka ce, tana sheƙi, an yi wa kujeru sabuwar riga, cikinta na ƙamshin turare. Dillalin yana ta ce wa Baba "Alhaji", alhali Baba bai taɓa zuwa Makka ba, yana rantsuwa cewa wata Hajiya ce ke kai yara makaranta da ita. Kawu bai kalli fentin ba. Ya durƙusa ya duba robar da ke kan birki da kuloci, ya ga sun cinye har ƙarfe ya fito. Ya zagaya baya ya danna motar da hannu biyu, ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Ya ɗaga rigar kujerar baya, sai ga soso ya mutu ya lafe. Ya hau kan taya ya leƙa rufin, ya kira ni in ga inda aka toshe ramukan kariya aka shafe da fenti. Ya ce wa dillalin a hankali, "Hajiyar nan taka lodin Abuja take yi?"

A hanya ya yi mini bayani. Sharon kujera bakwai aka yi ta da su, amma a tasha ana loda mata mutane fiye da haka, a ɗaure kaya a but har ƙofa ta ƙi rufuwa, ta yi doguwar tafiya kullum. Shekara biyu a haya ta fi shekara goma a hannun mai gida ɗaya. Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa ya ce kada in yarda da ita, domin akwai masu mayar da ita baya. Robar birki da sitiyari da kujerar direba su ne ba a cika tunawa a yi musu ƙarya ba.

Ta biyu ni na fara gano matsalarta, kuma har yau ina taƙama da hakan a gida. Dillalin ya ce 'yar 2008 ce. Na karanta a daren nan cewa kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba, kuma a motocin Volkswagen na goma a jerin shi ke nuna shekara: Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001, haka har 9 da ke nufin 2009. Na ƙirga da yatsa, sai na ga 1. An canja mata fitilun baya ne kawai don ta yi kama da ta baya-bayan nan. Shekara bakwai aka so a sayar mana da babu su.

Kawu ya ƙara gano abin da ya fi wannan muni. Ya kunna waifa, ya ga tana share ɓangaren fasinja fiye da na direba. Agogon gudu kuma da mil yake ƙirga. Ya ce motar Ingila ce, sitiyarinta a dama yake, aka dawo da shi hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, saboda haka motar da ta zo da sitiyari a dama sai an juya ta, kuma ba kowane mai juyawa ne ke tsoron Allah ba. Ana yanka, ana walda, ana ƙara wayoyi da bututun birki. Kawu ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai sa yara shida a ciki ba.

Kwana tara muna yawo. Na fara gajiya, Baba kuma ya fara cewa ko dai a haƙura a sayi fili.

Wadda muka saya ba ta da kyan gani ko kaɗan. Shuɗiya ce da rana ta ci fentin rufinta, ga lotsawa a ƙofar baya ta hagu. Mai ita wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki. Kawu ya kusa awa biyu a kanta. Ya taɓa injin ya tabbatar da sanyi yake, sannan ya sa aka tayar, ya tsaya a baya yana kallon salansa. Ya ce shuɗin hayaƙi alama ce ta injin na shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya duba ko akwai wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, babu. Ya shiga ƙarƙashi da tocila yana neman tsatsa da walda. Muka hau titi, ya sa kowace giya, ya taka birki da ƙarfi ya ga ko za ta ja gefe.

Ya ji daɗin cewa injinta na fetur ne mai lita 2.0, giyarta kuma ta hannu. Akwai Sharon mai babban inji na lita 2.8 da silinda shida, wadda ya ce gudu gare ta amma ba ta ɗan fansho ba ce. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Kowa ya tuna yadda bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Giyar otomatik kuma ya ce daɗin tuƙi gare ta, amma ranar da ta tsufa ta ƙi, kuɗin gyaranta sai ya sa mutum zama.

Ni aikina takardu ne da tayoyi. Na gwada lambar shasin da ke jikin mota da ta takardar kwastan da ta rajista, harafi bayan harafi, duk suka zo ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, duk motar da aka ce ta biyo ta Kwatano sai an bi takardunta da kyau. A tayoyin kuma na nemo lambobi huɗun nan da ke gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ɗaya ta nuna 2317, wato mako na 23 na 2017. Zanenta bai cinye ba, amma roba na tsufa ko ba a taka ta ba. Da wannan hujjar Baba ya sa aka rage kuɗin taya huɗu daga farashin. Kawu ya kuma hana Baba kashe duk abin da ya ware. Ya ce a bar wani abu a gefe, a canja bel ɗin tayimin da baƙin mai da na giya tun kafin a yi tafiyar farko, tunda babu wanda ya san yaushe aka canja su.

Yanzu ta fi shekara a hannunmu, kuma ba zan ce ba ta ba mu wahala ba. Gilashin ƙofar Umma ya maƙale a ƙasa ana tsakiyar damina, muka yi kwana biyu da leda. Na'urar sanyaya ciki ta mutu a watan Afrilu, lokacin da aka fi bukatarta, har yau ba a gyara ba saboda Baba ya ce iskar Allah kyauta ce. A cikin gari tana shan mai fiye da yadda muka yi zato, don haka yawanci a ajiye take, Baba na hawa babur ɗinsa. Amma abin da na tsorata Baba da shi bai faru ba ko sau ɗaya. Injin gilashin nan, ni da kaina na je Ƙofar Ruwa na samo shi a shago na biyu da na tambaya, kuma mai shagon ya ce daga jikin Alhambra aka ciro shi.

Akwai lissafin da duk cikinmu babu wanda ya yi, har da ni mai bincike. Sai ana gobe Sallah muna shirya kaya ƙanwata ta ƙirga kujerun da ƙarfi: bakwai. Mu kuwa takwas. Kuma idan aka kafa kujerun baya duka, wurin kaya ba ya wuce na jaka biyu ko uku. Umma ta ce a ɗora auta a cinya kamar yadda aka saba. Baba ya ce a'a. Ya ce bai kashe kuɗin sallamarsa don ya mayar da motarsa ta haya ba, kowa sai ya zauna a kujerarsa ya ɗaura bel. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ne babba."

Da asuba suka sauke ni a tasha, da buhun tsarabar da ya ƙi shiga but. Motar da ke kan layin Haɗeja ranar Sharon ce, ruwan toka. Mu huɗu aka jera a kujerar tsakiya, buhun yana kan cinyata, suka riga ni isa da kusan awa biyu.