Ƙarfen Giya da Ƙafar Gado

Mu 'yan gidanmu Allah ya yi mu da girman ƙafa. Mu uku ne maza, kuma babu wanda takalminsa ya gaza lamba 46 a cikinmu. A Sabon Ibadan, inda aka haife mu, masu takalma suna hango mu sai su fara ba da haƙuri. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan tsamurmuri ne mai ƙaramar ƙafa. Daga dangin uwa muka kwaso abin. Da ya rasu bai bar mana gida ko gona ba, sai babur ɗinsa Honda, irin wanda ake kira roba-roba, wanda ya yi shekaru yana kai goro da shi ga masu sari.

Ƙarfen giyar wannan babur baki biyu gare shi, kamar sikeli. Ka danna na gaba da yatsu giya ta ƙaru, ka taka na baya da dunduniya ta ragu. Tun 1958 da kamfanin Honda ya fito da Super Cub a Japan aka cire kuloci daga hannu, domin mai kai taliya gida-gida ya iya tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da faranti. Dabarar ta karɓu, don a 2017 an ƙera na miliyan 100. Ga mai silifa kuwa rahama ce: ba sai ya cusa yatsu ƙarƙashin ƙarfe ya ɗaga ba, balle fata ta saɓule ko takalmin Juma'a ya yi tabo.

Amma wanda ya auna tazarar bakin gaba da na baya bai san da mu ba. Idan muka ɗora tsakiyar tafin ƙafa a kan mataki, yatsu na kan bakin gaba, dunduniya ta riga ta kwanta a kan na baya. Gaba kura, baya sayaki. Abin da bakanike ya fahimtar da mu daga baya shi ne, a irin wannan babur ƙarfen giyar ne ke sakin kuloci idan an ɗan danne shi. Ashe duk gurnanin da injin ke yi ba tare da ja ba, ƙafarmu ce ke cinye kulocin a hankali. Mu kuwa muna ta zargin mai sayar da mai.

Ranar da abin ya kai mu bango, ƙaraminmu ne ya ɗauko Inna daga asibiti. Suna gangarowa daga Mokola ya faɗa rami, dunduniyarsa ta taka, giya ta koma baya, babur ya fizge. Inna ta zame ta faɗi a kan gwiwa. Mako uku tana salla a zaune.

Da dare muka yi shawara. Babbanmu ya ce a sayar. Amma da wannan babur muke kabu-kabu da yamma, a karɓa-karɓa, da shi ake biyan kuɗin makarantar biyu daga cikinmu. Na tsakiya ya ce a kai wa mai walda ya yanke bakin baya, ya lanƙwasa na gaba yadda yatsu za su shiga ƙarƙashi. Aikin minti goma ne, amma muka yi shiru, don wurin ya sha gogar dunduniyar Baba har yana ƙyalli.

Inna ce ta raba gardama daga kan tabarma. Ta ce, “Ku yanke, 'ya'yan nan. Ubanku ba a cikin ƙarfe yake ba. Amma ku kawo mini guntun.”

Muka kawo mata. Yana cikin kwallarta ta turare har yau. Mu kuma duk takalmanmu na hagu sun yi baƙin tabo a saman babban yatsa.