Wa Ke Riƙe da Kan Macijin?

A cikin kwana 11 na watan Fabrairun 1954, ɗalibai biyu a Amurka suka yi abin da har yau masu sha'awar ƙwallon kwando ke ambata da mamaki. Ran 2 ga wata, Bevo Francis na kwalejin Rio Grande, wata 'yar ƙaramar makaranta a jihar Ohio wadda ɗalibanta ba su cika 100 ba, ya ci maki 113 shi kaɗai a karawarsu da kwalejin Hillsdale. Ran 13 ga wata kuma Frank Selvy na jami'ar Furman ya ci maki 100 cif a kan kwalejin Newberry. Ga wanda bai saba da wasan ba, ga ma'auni: minti 40 ake yi a wasan jami'o'i, kuma sau da yawa ƙungiya guda, da 'yan wasanta biyar da masu canjinsu, takan tashi da maki 70 ko 80 ta yi murna. A wancan zamani babu layin nan da ake jifa daga bayansa a samu maki uku. Ban da jifan tara, kowace ƙwallo ta faɗa kwando maki biyu ce, ko daga ina aka jefo ta.

Daren Selvy ya fi daɗin labari. A zauren Textile Hall na birnin Greenville aka yi wasan, kuma an nuna shi kai tsaye a talabijin, abin da yake sabo fil a jihar a lokacin. 'Yan uwansa da mutanen garinsu, Corbin ta jihar Kentucky, sun yi ayari sun zo kallo, har da mahaifiyarsa. Kocinsu Lyles Alley ya umarci sauran yaran da su riƙa miƙa masa ƙwallo. Ya yi jifa 66, 41 suka shiga. An ba shi jifan tara sau 22 saboda ƙetar da aka yi masa, ya ci 18. Yana da maki 98 lokaci ya zo ƙarewa, sai ya wurga ƙwallo daga kusan tsakiyar fili, ta faɗa daidai da ƙarar tashi. Furman ta ci 149 da 95.

Ni mutumin Daura ne, kuma ƙwallon kwando ba ita muka taso muna bugawa a ƙofar gida ba. Tamola da langa muka sani. Labarin rasuwar Selvy a watan Agustan 2024, yana da shekara 91, shi ya sa na bi diddigin wannan dare. Abin da ya tsaya mini a rai bai shafi gwanintarsa ba sosai. Shekara 70 bayan wasan, duk tsohon da ya buɗe baki ya ce yana wurin, ana iya ɗaukar maganarsa a aza ta kusa da takarda: 41 cikin 66, 18 cikin 22. In ya ƙara gishiri za a gani, in ya rage ma za a gani. Tunaninsa nasa ne, ba mai ƙwace masa, amma akwai turken da aka ɗaure tunanin a jikinsa.

Mu a Daura bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin tushen labarin garinmu a kansa aka gina shi. Kowane yaro ya san yadda Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa rijiyar Kusugu sai ran Juma'a, ya je cikin dare ya kashe macijin. Sashen da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya biyo baya da gari ya waye. Da aka ji sarauniya ta yi alkawarin lada, masu iƙirari suka yi ta fitowa, kowa ya ce shi ne. Sarauniya ba ta tsaya auna wanda ya fi iya baki ba, shaida ta nema, kuma kan macijin yana hannun mutum ɗaya tak. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan yadda ya kamata a karanta wannan labari, amma waɗanda suka riƙe shi tsawon ƙarnoni sun fahimci halin ɗan Adam sarai: bajinta ba ta kwana ɗaya kafin ta sami masu ita da yawa.

Haka ta faru da Wilt Chamberlain, wanda ya ci maki 100 a gasar ƙwararru ran 2 ga Maris 1962. A ƙaramin garin Hershey aka yi wasan, 'yan kallo 4,124 ne, kuma ba a ɗauki fim ɗinsa ba. Abin da ya rage shi ne takardar maki, da guntun sharhin rediyo na zangon ƙarshe, da hoton Chamberlain yana riƙe da farar takarda an rubuta 100 da hannu. Duk da haka, har ƙarshen rayuwarsa mutane na tare shi suna ce masa sun shaida wasan da idonsu, wasu ma su ce a New York suka gani. Ban ɗauke su maƙaryata ba. Labarin ne suka ji har ya zauna musu a ƙwaƙwalwa kamar gani.

Namu misalin ya fi wannan armashi. Da wuya a sami wanda ya yi firamare a Nijeriya bai ji labarin wasan da Indiya ta ci mu 99 da 1 ba: ƙwallo tana rikiɗa ta zama zaki a idon mai tsaron gidanmu, ta zama dutse a ƙafar ɗan wasanmu, har wani gwarzo ya sadaukar da kansa ya ci ɗayar nan, aka kuma haramta wa Indiya buga ƙwallo. Ba a taɓa yin wannan wasa ba. Mutanen Gana ma suna da labarin, sai dai a nasu bakin su aka ci. To ga wani kuma: ran 25 ga Fabrairun 1989, a birnin Dammam na Saudiyya, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Tarayyar Sobiyet tana cin Nijeriya 4 da nema, saura kimanin rabin sa'a a tashi. Christopher Ohenhen ya ci biyu, Samuel Elijah ya ƙara, Nduka Ugbade ya farke ta huɗu, sannan yaran Tunde Disu suka yi nasara a bugun fenariti. Wannan ya faru.

Na taɓa ba wani ɗan 'yar uwata labarin biyun a zama ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Kawu, na Indiya dai na san shi tun ina ƙarami. Amma wannan na Saudiyya, anya ba ku kuka haɗa abinku ba?” Sai da ya lalubo hoton wasan a YouTube ya yarda. Dariya na yi a lokacin, daga baya abin ya dame ni. A kunnen yaron, ƙaryar ta fi gaskiyar kama da gaskiya, don ita ya fi ji ana maimaitawa. Dammam ta tsira ne saboda gasar FIFA ce, akwai kyamara da magatakarda. Da a filin wata makaranta tsakanin Zango da Baure aka yi irin wannan farkewa, yau da tana tabarma ɗaya da zakin Indiya.

Kada a ɗauka ina raina baki. Hausawa suna da nasu ma'ajin, kuma ma'aji ne mai ƙarfi. Duk wanda ya san sunan Shago a yau, cikin waɗanda ba su ga dambensa ba, ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya san shi, haka ma Ɗan Dunawa. Waƙar ta riƙe abin da babu takardar da za ta iya riƙewa: kwarjinin mutum idan ya shigo fage, da yadda jikin 'yan kallo ke yi, da tsoron da ke kama abokin karawa tun kafin a ɗaure hannu. Alƙaluman Selvy ba su gaya mini yadda zauren ya ɗauka ba lokacin da ƙwallon ƙarshe ke sama. Da yana da makaɗi irin Ɗan Anace, da na ji wannan a jikina. Sai dai waƙa tana da sharaɗi: wanda ya sami makaɗi shi take ɗauka. 'Yan dambe nawa ne suka yi zamani da Shago, suka yi kisa a fagage bayan kaka, waɗanda sunansu ya bi ƙurar fagen don kalangu bai kira su ba? Kuma makaɗi ba alƙali ba ne. Aikinsa ya kambama gwaninsa, ba ya lissafa ranakun da aka kayar da shi ba.

Takarda ma ba waliyyiya ba ce. Shi wannan Bevo Francis, shekara guda kafin 113 ɗinsa, ya ci maki 116 a watan Janairun 1953, amma hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ƙi amsar alƙaluman, don abokan karawar daga kwalejin shekara biyu suke. Jifan an yi shi, mutane sun gani, littafi ya ce bai san zance ba. Kuma an san cewa a irin waɗannan dare abokan wasa kan yi ƙeta da gangan don agogo ya tsaya, ƙwallo ta dawo hannunsu da wuri, a ƙara wa gwani. Da Jack Taylor na kwalejin Grinnell ya ci maki 138 a watan Nuwamban 2012, ya shafe tarihin Francis bayan shekara 58, jifa 108 ya yi, kuma abokan karawarsu 'yan wata ƙaramar makarantar koyon addini ce. Alƙalami ya rubuta 138 ya wuce. A fagen dambe kuwa, ɗan damben da ya zaɓi ƙaramin yaro ya buge, ba kirari zai samu ba, tsaki zai sha. A nan hukuncin 'yan kallo ya fi na littafi adalci, kuma ina tare da su.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙasar Hausa tana da hannu a tarihin wannan wasa fiye da yadda muke zato. Hakeem Olajuwon, wanda ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984, aka kuma ɗauke shi na farko a zaɓen ƙwararru na 1984, gaba da Michael Jordan, a wata gasar makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 ya fara shiga gasar kwando, alhali ƙwallon hannu ce ta kai shi. A Zariya, Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a filin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofi a 2019. Kano Pillars ta kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Kowane wasan da Olajuwon ya buga a Houston yana nan a rubuce, da makinsa da ranarsa. Na Sakkwato kuwa, inda abin ya faro, labari ne da ya iso mana daga bakinsa da bakin abokansa.

A majalisar da nake zama idan na je gida, akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ba ya gajiya da labarin wani dogon yaro da suka yi karatu tare tun muna cikin jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Katsina a 1987. Ya ce a wata gasar makarantu yaron ya yi ta zura ƙwallo har abokan karawa suka tsaya suna kallonsa. Na lura makin yana hawa da shekaru, kamar farashin gero. Wata rana na ce, “Baba Malam, bara ba haka ka faɗa mana ba.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, kai kana wurin?” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ya fi ni gaskiya: shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suke wurin. Na yarda an yi wannan yaro, na yarda ya yi abin mamaki a ranar, don idon tsohon yakan canza in ya zo kan labarin. Amma ranar da Allah Ya karɓi Baba Malam, yaron zai tafi tare da shi, ko kuma ya koma aljani mai maki 200 a bakin jikoki.

Za a ce yanzu kowa da waya a hannu, matsalar ta ƙare. Ban gamsu ba. Bidiyon minti ɗaya da aka tura a WhatsApp, babu kwanan wata, babu sunan makaranta, babu sakamakon ƙarshe, kwanansa bai wuce na wayar da ke ɗauke da shi ba. Abin da ya ceci daren Selvy mutum ne zaune a gefen fili da fensir, yana sa alama duk lokacin da aka yi jifa, sannan makaranta ta adana takardar. Daura ta yau tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri, da kwalejin Yusuf Bala Usman, ga sakandare birjik daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, kuma ɗalibansu suna karawa. Kuɗin littafi mai bango da fensir bai kai na lemon da ake raba wa manyan baƙi a ranar rufe gasa ba.

Littafin kan yi wa gwani wani amfani da shi kansa bai zata ba. Bayan jami'a Selvy ya buga wa Los Angeles Lakers. A wasa na bakwai na ƙarshen gasar 1962, suna kunnen doki da Boston Celtics, 100 da 100, saura daƙiƙoƙi, ƙwallo ta zo hannunsa, ya jefa, ta daki bakin kwando ta fito. Boston ta ci a ƙarin lokaci, 110 da 107. Magoya bayan Lakers sun shekara da shekaru suna tuna shi da wannan kuskure, har wani tsohon abokin wasansa yakan buga masa waya don kawai ya tsokane shi a kai. Takardar wasan ta nuna cewa Lakers suna baya da maki huɗu a ƙarshe-ƙarshen lokaci, kuma ƙwallo biyun da suka kai su 100 ɗin, Selvy ne ya ci su.