Motar Wa?

A babban hutun 2024 na sauka a tashar Tasawa bayan yini guda cur a cikin bas daga Yamai, na tarar Yaya ya zo tarbata a kan babur na aro. Ban tambaye shi ina bashe ba, don na riga na ji labarinta a waya. Ya ɗaura jakata a baya ya ce, "Hau mu tahi, Malama, akwai magana gida." Tun da na shiga jami'a yake ce mini Malama, rabi wasa rabi zolaya.

Bashe ita ce tsohuwar Peugeot 504 ɗinmu, ƙirar Kaduna, wadda ta girme ni nesa. Da ita Yaya yake neman abinci. Da zarar an yanke hatsi a watan Oktoba sai ya ɗaura mata remok a baya, a kan remok ɗin akwai injin sussuka da muke kira batez, ya shiga ƙauyuka tsakanin Tasawa da Mayahi. Inda aka tara dammuna nan zai tsaya, a sussuke, a biya shi da kuɗi ko da tiyoyin hatsi, ya yi gaba. Yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Shi da yaransa biyu a bayan motar suke kwana ƙarƙashin tanti, da tabarma da bargo da butar shayi da jarkar ruwa. Wata ƙawata a jami'a ta taɓa nuna mini bidiyon mutanen Amurka da ke jan ɗaki guda a bayan manyan motoci su tafi daji shan iska, har da gado da murhu a ciki. Na yi dariya na ce ai Yayana ya daɗe yana wannan, shan iskar ce kawai babu.

Abu biyu suka kashe bashe. Na farko mai. Esans take sha, kuma abin da ya raya ta shekara da shekaru shi ne ruwa-ruwa, man Najeriya da ake shigo da shi ta bayan fage a jera a kwalabe bakin hanya. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya ya ce an cire tallafin mai, kwalba ta tashi. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Arhar da bashe ta dogara da ita ta tafi ke nan.

Na biyu rairayi. Wanda bai san Gulbin Kaba ba zai ɗauka gulbi ne mai ruwa. Kwari ne busasshe, goruba ko'ina, ƙasa kuma sai ka ce gari. Bashe ƙafafun baya kaɗai ke turawa. Idan ta shiga yashi da batez a bayanta sai tayoyin su yi ta juyawa wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami, direba ya yi ta wasa da ambiriyaj har ka ji ƙauri. Sau biyu ambiriyaj ɗin ya ƙone a kakar 2023. A na biyun, wajen Kanambakashe, kwana biyu suka yi a daji, daga ƙarshe shanun mutanen wani ƙauye suka jawo su. Kafin a gyara, wani mai batez ya riga shi zuwa garuruwa uku da suka saba jiran sa.

To maganar da ke gida ita ce Yaya ya ga mota a Maraɗi.

Daren nan ya zaunar da mu ya yi mana lacca, kuma gaskiya ya fi wasu malamanmu iya bayani. Ya ce injin gazuwal tun yana juyawa a hankali ƙarfinsa yake fitowa, shi kuwa na esans sai an taka shi ya yi kuka, kuma mai jan kaya a yashi ƙarfin farko yake bukata. Ya ce kat-kat tana da ƙaramar giya ta musamman wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare, motar ta riƙa tafiya kamar hawainiya amma ba abin da zai tsayar da ita. Ya ce batez ɗin ma gazuwal yake sha, saboda haka jarka ɗaya ta ishi mota da inji. Ya kawo lissafin lita: a 2022 gwamnati ta ɗaga gazuwal daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yulin 2024 aka sauke shi zuwa 618, esans kuma 499. Gazuwal ya fi tsada a lita, in ji shi, amma ya fi nisa.

Ransa a kan Land Cruiser yake, mai silinda shida, irin wadda ya tuƙa wa wani shekara uku a Agadas. Kawu ne ya hana. Ya ce, "Wagga mota ba kai kaɗai ka son ta ba, masu bindiga ma suna so. Kai da ka kwana daji?" Kuɗinta ma ba su kamo hanya ba. Aka tsaya a kan Hilux tsohuwa, kat-kat, injin lita uku mai silinda huɗu, wadda ta gama aiki a hannun wani furoje. Miliyan biyar.

Yaya ya haɗa ajiyarsa ta Agadas, da abin da aka ba shi na gawar bashe, da rancen da Kawu ya yi masa, ya tashi da miliyan uku da jika 750. Saura miliyan ɗaya da jika 250. Duk ɗakin aka yi shiru, kowa ya san inda saura yake: a turke, bayan ɗakin Inna. Bijimai biyu na huɗa, saniya da ɗan maraƙinta, raguna uku, ga kuma kwasar adashinta da ke tafe.

Inna ba ta ce a'a ba. Ba za ta ma iya ba. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa ko "shi wancan", ba ta haɗa ido da shi. Ta ce wa Kawu, kanta a sunkuye, "A kai su kasuwa."

Sati biyu bayan haka Hilux ta shigo ƙauyenmu, yara na bin ta da gudu. Kafin magariba ta samu suna. Motar Yaya, ga mu ƙannensa. Ga sauran gari, motar wane.

A nan ne karatuna ya hana ni barci. A shekarar da ta gabata mun yi wata guda a kan wannan ƴar ƙaramar -r da ɗan'uwanta -n, masu haɗa suna da suna. Abin da malaminmu ya nanata shi ne ba su da aiki ɗaya. Motar gazuwal, abin da take sha. Motar sussuka, aikin da take yi. Motar Maraɗi, inda ta fito ko inda za ta. Motar Yaya kuwa, ko shi ya saye ta, ko tuƙa ta yake yi, ko haya ya ɗauko, duk motar Yaya ce. Harshen bai tilasta maka ka bambance ba, mutane kuma ba su damu ba, don kowa ya san labarin. Matsalar ita ce masu sanin labarin suna mutuwa, suna mantuwa, sunan kuwa yana nan. A bakin mutanenmu -r ɗin ma ba ta tsayawa, narkewa take cikin baƙin da ke binta, ka ji motay Yaya, motag gazuwal, kamar kalma ɗaya aka haifa.

Ba a littafi na fara ganin wannan ba. Ina aji shida na firamare Baba ya rasu. Akwai amalanke a gidanmu wanda Inna ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, na san haka don ni nake kai tallan. Amma Baba ke fita da shi, saboda haka duk gari amalanken Malam ake cewa. Ranar rabon gado aka lissafa shi cikin dukiyar mamaci. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi niyyar zalunci, an tambayi jama'a na wa ne sun faɗi abin da suka saba faɗa. Inna tana cikin takaba, ba ta ɗaga murya ba. Tumunin da ya faɗo wa matan gida ita da abokiyar zamanta suka raba. Bayan shekara biyu ta sake sayen amalankenta daga hannun magada. Sau biyu ta biya kuɗin abu ɗaya.

Da na ɗauki kart giriz ɗin Hilux na duba, suna ɗaya ne a kai, na Yaya. Yana da mata da ƴaƴa uku. Allah ya ba shi tsawon rai, amma mutumin da ke kwana a daji yana bin hanya da dare, idan ta Allah ta kasance, sudusi ne rabon uwa idan akwai ƴaƴa. Kashi ɗaya cikin shida na motar da ta biya kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta. Alhali daidai shi ne a fara cire mata rubu'inta, sannan a raba saura.

Na same shi da safe yana kwance ƙarƙashin motar, shi da mai walda suna ɗaura ƙugiyar remok a jikin shasi, don ya ce wadda aka maƙala a bamba ba ta jan batez ko kilomita goma. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina son a rubuta takarda, ta kuɗin Inna."

Ya fito ya zauna, hannunsa duk baƙin mai. "Takardar mi?"

Na yi bayani. Ban iya ba, na fara da gado, kuma ba a fara wa mutum magana da mutuwarsa ranar da yake murnar sabuwar mota. Ya ce, "Ni da uwata sai an sa takarda tsakani? Abin da sunka koya miki Yamai ke nan? In na ci, wa ya ci?" Mai walda ya kashe injinsa ya yi kamar yana neman wani abu. Kwana huɗu Yaya bai amsa gaisuwata da kyau ba, kuma bai sake ce mini Malama ba.

Har yau ina ganin akwai gaskiya a fushinsa. Takarda a wurinmu ta baƙo ce, ta wanda ba ka yarda da shi ba, ta jandarma da alƙali. Shi kuma tun rasuwar Baba bai taɓa barin rumbun Inna ya yi ƙasa ba, kuɗin rajistata na shekarar farko ma shi ya biya. Na tsaya gabansa da biro kamar mai bin bashi.

Inna ce ta warware, ta hanyarta. Ba ta yi masa magana ba. Ta aika a kira Kawu, ta ce masa a gabana, "Shanuna sun san muryata, ko cikin dare na yi tari suna tashi. Wagga ba ta san ni ba. A rubuta mata." Kawu ya kai saƙo.

Ba a je wurin mai gari ba, Yaya ya ce ba zai tara wa kansa jama'a ba. A zaure aka yi, da Kawu da limamin unguwa. Na rubuta da Faransanci, na rubuta da Hausa, kuma ta Hausar ta fi ba ni wuya, don duk jimlar da na fara sai -r ɗin nan ta shigo. Daga ƙarshe na rubuta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na wannan mota, mai lamba kaza, mallakin Inna ne, ba kyauta ta ba da ba, ba rance ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na ribar aikinta nata ne. Yaya ya sa hannu bai dube ni ba. Inna ta dangwala yatsa, ta naɗe takardar a leda ta sa cikin kwallar da ke can ƙasan jerenta.

Motar ta yi abin da aka saye ta domin shi. A kakar nan Yaya ya ratsa Gulbin Kaba ya fi a ƙirga, sai dai ya rage iskar taya ya sa ƙaramar giya. Ya koyi cewa remok marar burki turo mota yake a gangare, sau ɗaya ya kusa juya su, tun daga nan ba ya gudu da batez ko a kan kwalta. Bayan sussuka ya koma ɗaukar buhunan wake da awaki zuwa kasuwannin Mayahi da Tasawa. Ya kawo wa Inna rabonta ta hannun matarsa, kuɗi a ƙulle cikin mayafi. Abin da Hilux ba ta iya ba shi ne huɗa. Da damina ta zo sai da Inna ta yi hayar shanun wani, ta jira layi har ruwan shuka na farko ya wuce ta. Taki ma bai kai gona da wuri ba, amalanken yana jingine ba mai jan sa. A gari kuma har gobe motay Yaya ce, ni kaina haka nake cewa idan ban kula ba.

Watan jiya ina ɗakin kwana a jami'a wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya sayi gazuwal na jarka a wani ƙauye, ashe da ruwa a ciki, famfon mai ya lalace, makanike a Maraɗi ya ce gyara jika 400. Muryarsa ba fushi, har da ɗan abin dariya a ciki.

"Malama," ya ce, "takardarki ta ce rubu'in riba na Inna ne. To rubu'in gyara hwa? Na duba ban ga inda kinka rubuta ba."

Ban rubuta ba. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba ranar. Jika ɗari ke nan a kan Inna, wadda ba ta da sauran ko rago a turke. Na ce masa ya ba ni zuwa Juma'a, zan kira Kawu.